Ɗuri Biyu a Bindigar Ango

Babana maƙeri ne. Kafin ya baro ƙasar Damagaram yana ƙera wa mafarauta bindigar toka, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a koma ɗuri. Shi da yayansa suka taso aikin hajji a ƙafa. Yayan ya iso da wuri, ya zauna a Madina, ya sami takardar zama ɗan ƙasa tun ana bayarwa. Baba kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi a Sudan. Ya warke, ya auri Inna, ya tsaya yana ƙera fartanya a gonakin auduga har shekaru suka ja. Ko da ya iso an daina bayarwa. Shi ya sa ni da aka haifa a Madina na girma da iƙama, takardar izinin zama, a aljihu, ana sabunta ta kamar ta baƙo, 'ya'yan yayan Baba kuwa 'yan ƙasa ne.

A ƙarshen shekarun casa'in ina da shekara ashirin da bakwai, ina walda a wata warsha, wato wurin aikin ƙarfe, da ke bayan unguwar Sultana, inda Baba ya daɗe yana lanƙwasa ƙarfen ƙofofi da tagogi. Baffa, yayan Baba, ya riga ya rasu. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, yana aiki a wani ofishi, yana da gida a unguwar Bani Harisa. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. In ya zo gidanmu yakan durƙusa ya ce wa Baba "ammi", wato baffana, ya sumbaci goshinsa. In a waje ne, gaban abokansa, "ya mu'allim" yake ce masa, yadda ake kiran kowane mai sana'a.

Shi ya fara kawo wa Baba bindiga. Wata tsohuwa ce doguwa, ƙotarta ta tsage, kunamarta ta ƙi motsi. Wai ta kakan wani abokinsa ce, ana so a rataye a bango. Baba ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya shinshina, na ga fuskarsa ta canza. Shekara arba'in rabonsa da irinta. Kwana huɗu ya yi a kanta bayan an tashi daga aiki, ya ɗaure ƙotar da tagulla, ya ƙera sabon ƙarfen da ke harba kunamar, ya sa mata ƙanƙarar ƙyasta wuta. Da Yaya ya zo karɓa, Baba ya ce masa:

"Wannan ba ta bango ba ce. Har yanzu tana magana."

Daga nan Yaya ya sami dabara. Akwai wata rawa da mutanen dutse na Hijaz ke yi a biki, ta'ashir, inda saurayi ke juyi da bindiga, ya yi tsalle sama, ya harba ta ƙasa tsakanin ƙafafunsa, wuta da hayaƙi su tashi kamar shi suka ɗaga. Ba a sa harsashi, albarushi ne da tsumma kawai. Masu hali a Madina sun fara son a yi musu ita a bukukuwa. Yaya ya tara samari shida, ya sayo tsofaffin bindigogi, ya ɗinka musu fararen riguna da ɗamara. Abin da ya rasa shi ne mai gyara da mai ɗuri. Ya zo ya zauna a tabarmar Baba, ya sha shayi, ya yi ta cewa ammi. Baba ya yarda, ya ce in riƙa binsa.

Ba zan ce ban ji daɗin watannin farko ba. Ranar Juma'a da safe mukan fita bayan Uhudu, cikin wani kwari, Baba ya shimfiɗa buhu ya jera kayansa: ƙahon albarushi, ɗan ma'auni da ya yanko daga bututun tagulla, tsumman da Inna ta yayyaga daga tsofaffin zannuwa, tsinken ƙarfe na share ƙofar wuta, ƙanƙara a cikin gwangwanin shayi, da wata ƙugiya mai murɗe ta zaro ɗuri in bindiga ta ƙi tashi. Kowace bindiga da sandarta, kowace sanda kuma ya yi mata zane da zarto. In ka zura ta bayan ɗuri, zanen ya tsaya daidai bakin bindiga, to ɗurin ya yi. In ya ɗago sama, akwai abin da ya ƙaru a ciki.

Ya ce mini, "Kada ka yarda da kanka. Kai yana mantuwa. Sanda ka duba."

A nan na fara sanin shurin bindiga. Ya ɗura wata bindiga da rabin ma'auni ya ba ni, na riƙe ta sakwa-sakwa don tsoro, na harba, ƙotar ta nausa mini kumatu har na ciji harshe. Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce a manna ta a tsoka, a ɗan sunkuya gaba, a bar ta ta tura ka. Ya buɗe wuyan rigarsa ya nuna mini kafaɗarsa ta dama, fatar wurin ta yi kanta, baƙa ƙirin, tun ta ƙuruciya. Duk bindigar da ya ƙera a gida shi ke fara harba ta kafin ya miƙa wa mai ita.

Wata rana na duba masa da agogon hannuna. A minti ɗaya ya ɗura ya harba sau biyu, yana cikin na uku lokaci ya cika. Mutumin da ya kusa saba'in. Ni sau ɗaya nake yi da ƙyar. Na gaya masa ina murna, bai ɗauke shi komai ba. Ya ce a daji ba wanda ke ƙirga wannan, domin in ka kuskure da na farko, dabbar ba ta jiran na biyu. Kuma wannan saurin ma na nuni ne. In aiki ake na gaskiya, bayan 'yan harbi dole a goge cikin bindiga da jiƙaƙƙen tsumma, don toka na taruwa, ƙarfe na zafi, wani lokaci garwashi na maƙalewa a ciki.

Kuskurena shi ne na ba Yaya labarin agogon. Daga ranar ya riƙe lissafin. Ya ce in tsoho yana biyu da rabi, mu biyu ya kamata mu ba shi biyar. Masu biki ba sa son shiru tsakanin harbi da harbi, kiɗa na tafiya, mai ɗaukar bidiyo na jira. Ya kuma sa aka yanko sabon ma'auni babba, wai ƙarar ba ta isa ba, an ce masa wasu 'yan rawa na Makka sun fi mu amo. Baba ya ƙi, ya ce waɗannan ƙarafa sun girme shi. Yaya ya ce to shi zai nemo wani mai ɗurin. Inna ta sa baki, ta ce kada a ji kansu a waje, ɗan yayanka ne. Baba ya karɓi ma'aunin, ya sake zanen sandunan.

Bikin da abin ya faru a wata gona aka yi shi, can arewa da Uhudu, bayan la'asar. Ɗan wani babban mutum ne ke aure. An shimfiɗa darduma a ƙarƙashin dabino, maza sun fi ɗari biyu. Mu aka ajiye mu bayan wata motar ɗaukar kaya, inda ba a ganinmu, muka shimfiɗa buhunmu. Samarin suna shiga fili bi da bi, su harba, su rugo su miƙo mana bindiga su karɓi wata. Yaya yana tsakani da farar riga mai guga, yana ta azalzalarmu da Larabci, "Yalla, yalla, bisur'a!" Hayaƙi ya cika mana ido, hannuna ya yi baƙi, ƙarfen ya yi zafi har sai na naɗe shi da gefen rigata. Sau biyu Baba ya ɗauko jiƙaƙƙen tsumma, sau biyu Yaya ya ce babu lokaci.

Akwai bindiga ɗaya da ba tamu ba, ta kakan angon, mai adon azurfa. Da ita ango zai rufe rawar. Tun da muka iso Baba ya yi wa sandarta zane, ya ɗura ta. Yaya ya ba ɗaya daga cikin samarin ita ya fara gwadawa. Saurayin ya yi tsalle tare da wani, aka ji ƙara ɗaya, hayaƙi ya rufe su. Ashe tasa ba ta tashi ba, albarushin ɗan kaskon da ke bakin ƙofar wuta ne kawai ya yi fuu. Ko shi bai sani ba. Ya rugo ya jingina ta da motar ya tafi.

Ni na ɗauke ta. Baba yana fama da wata da ƙanƙararta ta fashe. Na zuba babban ma'auni, na cusa tsumma, na danna da ƙarfi, na zare sandar ban duba zanen ba. Na tuna sarai ban duba ba, domin Yaya yana tsaye a kaina yana miƙo hannu. Na zuba na kasko, na miƙa masa.

Baba ya ɗago kai. Ban san abin da ya ji ba, wataƙila ƙarar sandar ce ba ta yi masa daidai ba. Ya ce, "Kawo in gani." Ya karɓe ta daga hannun Yaya, ya zura sanda. Zanen ya tsaya sama da bakin bindiga da yatsa huɗu.

Ya ce, "Ɗuri biyu ne a ciki. Ba mai harba wannan. Ba ni ƙugiya."

Yaya ya ce da Larabci ango ya riga ya shiga fili, uban ango yana tsaye. Baba ya ce da Hausa to su jira, zaro ɗuri ba ya wuce a sha shayi kofi ɗaya. Yaya ya kama bindigar ta tsakiya ya ja. Baba bai saki ba. Mutane suka fara leƙowa ta bayan motar. A nan Yaya ya ɗaga murya, ya ce, "Ya mu'allim, aikinka ɗuri ne, ba shawara ba. Saki!" Wani daga cikin baƙin ya tambaye shi lafiya, ya ce ba komai, ma'aikacin ne ya tsufa, kansa ya fara rikicewa.

Na ga wuyan Baba ya kumbura. Ya fizge bindigar, ya juya wa jama'a baya, ya taka kamar taku goma zuwa bakin gonar inda ba kowa. Ya manna ta a kafaɗa, ya ɗaga bakinta sama, ya sunkuya gaba yadda ya koya mini, ya ja kunama.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tantabaru suka watse daga dabino. Ƙarfen bai fashe ba, amma bindigar ta ɗaga Baba ta maka shi da ƙasa, ita kuma ta yi tsalle ta faɗa cikin magudanar ruwa. Daga fili aka ɗauki tafi da sowa, sun ɗauka cikin wasan ne. Na isa wurinsa yana kwance rigingine, idonsa a buɗe, hannun dama ya juya ta inda hannu ba ya juyawa. Yaya ya wuce mu, ya tsamo bindigar, ya goge azurfar da hularsa, ya duba ko ta ƙwarzane. Sannan ya ba ango wata daga cikin namu, aka ci gaba da rawa.

Ni na ɗauki Baba a motar kayan. Yaya ya biyo mu har bakin hanya, ya leƙo ta taga, ya yi magana da Hausa, tsantsarta, wadda ban san yana da ita ba.

"Baffa, don Allah ka ce daga tsani ka faɗo. In aka ji maganar bindiga za a kira 'yan sanda. Iƙamarka ta ƙira ce a warsha, ba ta wannan ba. Ku za a kora, ni za a ɗaure. Ka dubi zumunci."

Baba bai dube shi ba. A asibiti likita ya tambaya, ya ce daga tsani ya faɗo. Likitan ya kalli baƙin albarushin da ke kumatunsa da farcensa, ya kalle ni, ya rubuta tsani. Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye gida biyu, kafaɗar ta goce, kunnen dama ya toshe. Aka ɗaure shi aka sallame mu. Inna ta nemo wani mai ɗori ɗan Chadi ya sake jan hannun, Baba ya ciji matashi har ya yage. Ƙashin ya haɗe a karkace. Daga nan hannun bai sake wuce ƙirjinsa ba. In zai yi kabbara sai ya tallafo shi da na hagu. Guduma kuwa ko ɗaga ta ba ya iya yi.

Mai warsha ya jira wata uku, sannan ya ce shi ba zai riƙe iƙamar mutumin da ba ya aiki ba, kuma in uban ya tafi ɗan ma ya nemi wani wuri. Baba ya shiga tsoron da ban taɓa gani a tare da shi ba. Ba abin da yake so a duniya kamar ya mutu a Madina. Yakan zauna a ƙofar ɗaki, hannun a cinya, ya ce wa Inna, "In aka mai da ni, wa na sani a can? Duk sun mutu." Sai ga Yaya da kwalin dabino da takardu. Ya yi rajistar wani ɗan kamfani da sunan matarsa, zai mai da iƙamarmu ƙarƙashinsa, ni da Baba. Inna ta yi ta sa masa albarka har da hawaye. Baba ya dangwala yatsan hagu. A cikin dangi labarin da ya bazu shi ne Yaya ya rufa wa baffansa asiri bayan ya faɗo daga tsani.

Na fi shekara ina ɗauke da abin a ciki. Baba bai taɓa tambayata wa ya ɗura bindigar ba. Ni nake yi masa aski, ni nake sa masa riga, ina ganin kafaɗar tana shanyewa tana komawa kamar ta yaro. Wata rana da hantsi ina shafa masa man zafi, na ce:

"Baba, ni na yi ɗuri na biyu. Ban duba sanda ba."

Ya ce, "Ta wannan kunnen ka zagayo."

Na zagaya na sake faɗa.

"Na sani," in ji shi. "Ina ganinka."

"Me ya sa ba ka yi mini magana ba?"

"In ce me? Ka riga ka sani." Ya gyara zama. "Kai mantuwa ka yi. Ni kuma da na zuba mata ruwa, da an gama. Buta tana gefena. Zuciya ce ta ɗebe ni, don ya ce kaina ya rikice. Ina so su ji da kunnensu abin da ke cikinta." Ya ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. "Suka ji, suka tafa."

Na ce masa Yaya fa? Ya ce in ci gaba da shafawa, man yana bushewa.

Bai taɓa zagin Yaya ba, bai kuma ƙara cin abin da ya kawo ba. Dabinon Inna ke rabar wa maƙwabta. In Yaya ya zo gaisuwar salla, Baba ya juya masa kunnen da ya toshe, ya yi ta cewa na'am, na'am, har ya gaji ya tashi. Ni kuma na sami aikin walda a wata warshar a Uhudu, da izinin Yaya, tun da sunana yana hannunsa. Rawar ta ci gaba. Ya ɗauko wani mutum yana yi masa ɗuri, na ji an ce wani saurayi ya ƙone ƙafa, aka rufe maganar.

Baba ya yi shekara biyar a haka. Ya rasu da rana tsaka, ranar Talata, bayan ɗan ciwon ƙirji na kwana biyu. Da muke yi masa wanka mai wankan ya yi ƙoƙarin miƙe hannun dama, ya ƙi, muka bar shi a lanƙwashe. An yi masa salla a Harami, an binne shi a Madina. Wannan kam ya samu.

A gidan Yaya aka yi zaman makoki, don namu ɗaki biyu ne. Shi ya zauna a kujerar farko yana karɓar gaisuwa, ni a ta uku, bayan ƙaninsa. Na ji shi yana gaya wa abokan aikinsa cewa ammi gwanin bindigogin dā ne, babu kamarsa a Hijaz, a hannunsa ya koyi duk abin da ya sani. Suka ce Allah ya jiƙansa. A rana ta uku, da mutane suka ragu, ya kira ni gefe wajen da aka tara kofunan gahawa. Ya dafa kafaɗata ya ce mai ɗurinsa ya koma ƙasarsu, ga hutun makarantu ya matso, bukukuwa sun yi yawa. Ya tambaye ni ko hannuna bai manta ba.

Iƙamata saura wata biyu ta ƙare, ta Inna ma a kan tawa take. Na ce masa bai manta ba. Na yi masa ɗuri shekara huɗu.